Idan ɗan'uwa ya karaya: yadda muke bi da shi har ya miƙe

Mu dattawa ne da matan zumunta na wata ƙaramar ikilisiya a karkarar kudancin Kano, inda kusan kowa da fartanya yake ci. Aikin da za mu bayyana shi ne na bin ɗan'uwa ko 'yar'uwa da zuciya ta karaya, tun daga ranar da aka lura har ranar da aka janye jiki aka bar shi da ƙafafunsa. Mun sha bin wannan hanya, kuma mun ga inda take ɓullewa da inda take ɓacewa.

Ba wanda yake zuwa ya ce "na karaya". Namiji yakan koma bencin baya, ya fice kafin a sa albarka, ya bar addu'ar Laraba, daga nan sai Lahadi ma ta gagara. Gonarsa takan riga bakinsa magana: lokacin maimai ya wuce, ciyawa ta kai wa gero wuya, shi kuwa yana kwance a zaure da hantsi. Mace takan sauya lokacin zuwa rijiya don kada ta haɗu da sauran mata, hayaƙin madafinta ya riƙa makara, yara su yini ba wanka. Ƙa'idarmu ita ce, in aka yi Lahadi biyu a jere ba a ga mutum ba, ba tafiya ya yi ba, ba a kuma ji rashin lafiya ba, to kafin ta uku an taka an je. Akwai lokutan da muke ƙara buɗe ido: cikin Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, da bayan kaka lokacin da masu bashi suke zagayawa, da bayan Kirsimeti in samari sun watse cin rani gidaje suka rage mata da tsofaffi. Shekarar ambaliya kuwa, irin ta 2022 da ta cinye gonaki a Ringim da Auyo da Haɗeja da Kafin Hausa, gari guda ne yake karaya a tare. Sauran dalilan sanannu ne: rasuwar yaro, jinkirin haihuwa, ɗa da ya faɗa shaye-shaye, rigimar gado ko iyakar gona, da horon ikilisiya da aka sa aka manta da cirewa.

Tsarin da muke bi daga 1 Sarakuna 19 muka ɗauko shi. Iliya ya gama da annabawan Ba'al 450 a Dutsen Karmel, saƙon barazanar kisa daga sarauniya Yezebel ya iso, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Abin lura shi ne jerin abubuwan da Ubangiji ya yi masa. Mala'ika ya tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Sai bayan kwana 40, a Horeb, aka tambaye shi abin da yake yi a wurin, aka bar shi ya zazzage kukansa har sau biyu. Daga nan aka ba shi aiki, aka gyara masa lissafi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, aka haɗa shi da Elisha. Ci da barci, sauraro, magana, aiki, abokin tafiya. Yawancin ɓarnar da muka gani a wannan hidima daga juya jerin nan take fitowa, a fara da wa'azi a ƙare da tuwo.

Mutum biyu ne suke zuwa, kamar yadda Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu. Maza wurin namiji, mata wurin mace. Ba a aika wanda yake bin sa bashi, ko wanda suke da 'yar tsama, ko mai sakin baki komai ibadarsa. Namiji an fi samunsa bayan tuwon dare, ban da ranar kasuwa. Mace kuwa da hantsi, in maza sun tafi gona, don a lokacin ne take iya magana ba kunnen surukai. Ba a zuwa hannu rabbana: tiyar gero ko dawa, ɗan kuka da daddawa, ko ƙullin fura da nono. A yi sallama, a yi gaisuwa cikakkiya har a tambayi yara da dabbobi, a zauna a tabarmar da yake kai ko da an kawo kujera. Abin da ake faɗa kaɗan ne: "Baba, kwana biyu ba mu gan ka ba, shi ne muka ce bari mu zo mu gaishe ka." Ko kuwa: "Yaya, ba da wata magana muka zo ba, zumunta a ƙafa take." Tambayar da muka hana ita ce "me ya hana ka zuwa coci?" Tana tilasta wa mutum ya ce zazzaɓi ne, in kuwa ya faɗi haka dole ya tsaya a kai, ƙofa ta rufu ke nan. Ziyarar farko ba ta kai awa guda, Littafi Mai Tsarki yana cikin jaka, kuma in za a tashi a nemi izininsa a yi addu'a ta jimla biyu ko uku.

Nan ne masu zafin himma suke tuntuɓe. Wani tun a bakin zaure zai fara jero ayoyi. Romawa 8:28 gaskiya ce, amma uwar da ta binne ɗanta shekaranjiya in aka karanta mata ita, abin da take ji shi ne an ce mutuwar ɗanta alheri ce. Karin Magana 25:20 ta riga ta gargaɗe mu a kan rera wa mai baƙin ciki waƙa. Wani kuma zai ce "ka binciki kanka, ko akwai zunubin da ka ɓoye", ya manta da amsar da Yesu ya ba almajiransa a Yahaya 9 a kan mutumin da aka haifa makaho. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru, da suka buɗe baki ne suka ɓata. Haka nan ba ma yarda zumunta gaba ɗaya ta ɗebo ganga da tulu ta cika gidan mai baƙin ciki a makonnin farko, domin kunya za ta sa matar gida ta ranto abin da za ta dafa musu. Mafi muni shi ne a kai maganar bagadi da sunan roƙon addu'a, a ambaci suna a ambaci bashi. Kafin Litinin kasuwa ta ji, mutumin kuma ya ƙara shigewa ɗaki.

A ziyara ta biyu muke duba jiki, yawanci ta bakin uwargida ko wata babba a gidan. Yana cin abinci? Yana barci? Akwai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa? Akwai tarin da ya wuce mako biyu? A dubi tafin hannu da cikin fatar ido, in sun yi fari fat jini ne ya yi ƙasa. Mace in ba ta daɗe da haihuwa ba a ƙara kula. Kasala da yawa da ake kira sanyin bangaskiya zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙarancin jini ko tarin fuka, kuma gwaji a asibitin sha-ka-tafi yana raba gardama. Wani daga cikinmu yakan ɗauke shi a babur, ikilisiya ta biya kuɗin gwajin.

Akwai kuma ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar sauran cututtuka. Alamarsa ita ce baƙin ciki ya zauna kusan kullum yini guda har ya haura mako biyu, mutum ya farka tun carar zakara ta farko barci ya ƙi dawowa, ya rame, abin da yake so a da ya daina burge shi, ya riƙa cewa shi ba shi da amfani ko gara ya huta. In muka ji irin wannan, ɗaya daga cikin masu ziyara yakan keɓe da shi ya tambaye shi kai tsaye: "Ɗan'uwa, tunanin kashe kanka yana zuwa maka?" Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, a ranar ake kwashe maganin feshi da na ciyawa da fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayar da ake sa wa buhun wake, a kai gidan wani a kulle. A gidan manomi waɗannan ne haɗarin, don suna nan a kusa. A sa wani ya riƙa kwana ɗakinsa, a kai shi wurin likita kafin a kwana biyu. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Dawanau da kuma Kazaure, akwai sashen wannan a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin da ake bayarwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga alamarsa, shi ya sa wasu suke jefar da shi bayan kwana goma su ce bai yi ba, wasu kuma su daina da zarar sun ji sauƙi, alhali likitoci sukan ce a ci gaba aƙalla wata shida. Mukan sa mutum guda ya riƙa duba kwalin yana tuna ranar komawa. Ba ma ɗora wa irin wannan mara lafiya azumi, ba ma kai shi kwanan addu'a a yi ta ihu a kansa, ba ma yarda a ɗaure shi. Addu'a da magani tare suke tafiya.

In jiki ya ɗan daidaita, sai a zauna a kan kayan da suka danne shi. Mafi yawa bashi ne da abinci. Mukan zo da ƙaramin littafin rubutu, a rubuta kowane bashi a layinsa: na wane ne, nawa ne, kuɗi ne ko hatsi, yaushe aka yi alkawari, akwai ruwa a kai ko babu. A yi haƙuri a nan, domin babban bashin shi ne yake fitowa ƙarshe, wani lokaci sai a zama na biyu, kuma sau da yawa jinginar gona ce da matarsa ma ba ta sani ba. Wanda ya karaya bai taɓa haɗa jimillar ba, tsoronta kawai yake kwana da shi. Ranar da ya gan ta a rubuce, ko da tana da yawa, barcinsa yakan ɗan gyaru. Daga nan a leƙa rumbu. Lissafinmu shi ne buhu tiya 40, gida mai mutum shida ko bakwai yana cin kamar tiya guda a yini, wato buhu ɗaya kwana 40. A ƙirga kwanakin da suka rage kafin sabon gero, a ga giɓin.

Giɓin nan daga rumbun ikilisiya ake cike shi. Cikin hatsin godiyar kaka muna ware kashi ɗaya cikin biyar don wannan kaɗai, a sa masa magani a ajiye. Ba a kai buhu ɗungurungum. In masu bashi suka ga buhu ya shiga gida za su yi sallama washegari, ko maigidan ya sayar don ya rufe wata kunyar. Tiya biyar zuwa bakwai ake kaiwa duk mako, da duhun magariba, ta hannun mace guda, a miƙa wa matar gida. Yakubu 2:15-16 ba ta bar mana wurin ɓuya ba a kan wanda ya ce wa mayunwaci ya sauka lafiya bai ba shi komai ba.

Bashin kansa ba ma biya masa duka, ko da muna da hali. Elisha ya tambayi gwauruwar nan a 2 Sarakuna 4 abin da take da shi a gida, da ɗan man da ya rage mata aka fara, ita ce ta sayar ta biya. Abin da muke yi shi ne dattawa biyu su raka shi wurin mai bashi, in abin babba ne a gaban mai unguwa, a roƙi a tsayar da ruwan, a raba biyan kaka biyu. Mai bashin sau da yawa maƙwabci ne Musulmi ko ɗan kasuwa da aka daɗe ana hulɗa, kuma in ya ga manya sun tako ƙafa yakan yi sassauci, don ya san kuɗinsa ba zai nutse ba. In kuwa mai bashin ɗan ikilisiya ne da ya ba da buhu yana jiran biyu da kaka, da shi za a zauna a buɗe Nehemiya 5.

Gonar da ciyawa ta ci, gayya ce maganinta. Maza goma zuwa sha biyu daga safe zuwa azahar sukan gama matsakaiciyar gona, kuma matan zumunta ne suke kawo kunu da ɗanwake don kada nauyin ciyarwa ya faɗa kan mai gona. Sharaɗi guda ne: shi ma ya fito da fartanyarsa, ko kunya ɗaya zai nome ya zauna. In aka nome masa yana kwance a gida, an ƙara tabbatar masa cewa shi ba kowa ba ne. Inda shuka ta riga ta lalace, in da sauran damina, a ba shi irin wake mai saurin nuna, na kwana 60 zuwa 70, ko yabanyar dankali, da sharaɗin zai mayar da irin bayan girbi. Mace kuma a ba ta akuya kiwo, cikin wata biyar ne cikinta, ko 'yan tiyoyin gyaɗa ta koma ƙuli-ƙuli da mai. Mayar da irin nan muna tsayawa a kansa, saboda mutumin da ya biya abin da aka ranta masa yana shiga taro da kai a ɗage.

Sai a ziyara ta uku ko ta huɗu muke buɗe Littafi. Duk abin da ya gabata share fage ne, domin buhu ba ya warkar da zuciyar da ta ɗauka Allah ya juya mata baya. Amma a nan ma akwai jeri. Da kuka muke farawa. Zabura 13 aya shida ce kacal, sau huɗu mai zabura yana tambayar Ubangiji har yaushe, kafin ya kai ga dogara a ƙarshe. Sai Zabura 42 da 43, inda sau uku mutum yake tambayar ransa dalilin karayarsa yana umartarsa ya sa zuciya ga Allah. Ga wanda duhunsa ya yi kauri mukan karanta Zabura 88, wadda ta ƙare ba tare da haske ba, don ya san akwai irin addu'arsa a cikin Littafin Allah, ba a kuma goge ta ba. Mutane da yawa a nan suke fara hawaye, mu kuwa ba ma hana su. Bayan waɗannan ne ake zuwa Makoki 3, a karanta tun daga farkon surar, kada a tsallaka zuwa aya ta 22 da 23, domin jinƙan da yake sabuntuwa kowace safiya ya fi shiga kunnen wanda ya ji ɗacin da ya riga shi. Manomi kuwa Habakuk 3:17-19 tasa ce, inda itace bai yi toho ba, gona ba ta ba da abinci ba, garke ya ƙare, annabin ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Ita da Zabura 126 mukan ajiye su sai mun ga ya fara ɗaga kai.

Ana karantawa da murya, a hankali, sau biyu, wuri guda a kowace ziyara. Tsofaffin da suka tashi da fassarar 1932 da ita ake karanta musu, don kalmominta ne suke kwance a ransu, matasa kuma da fassarar da suka saba ji a sujada. Wanda bai iya karatu ba a sa masa na sauraro a memorin waya, ko a ɗora wa wani ɗan makaranta a gidan ya riƙa karanta masa bayan tuwon dare. Tambaya ɗaya ake yi: "Inna, wace magana ce ta tsaya miki a rai?" Abin da ta faɗa, shi ne ayar haddarta ta wannan mako. Ba a yin bayani mai tsawo.

Addu'a ita ce takan fi wuya. Zai ce bakinsa ya yi nauyi, ko yana ji kamar maganarsa a rufin ɗaki take tsayawa. Ba ma musa masa. Mukan ce ya ari ta wasu tukuna: Addu'ar Ubangiji safe da dare, ko zaburar da aka karanta ya maimaita ta a matsayin tasa. Bayan mako guda ko biyu a roƙe shi ya ƙara jimla ɗaya daga bakinsa, ko da "Ubangiji, na gaji" ce. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu lokacin da ba mu san abin da za mu roƙa ba, kuma wannan ayar ta sauke wa mutane da yawa nauyin ganin cewa rashin iya addu'a ya raba su da Allah. In ya fito da fushinsa, ya ce wane ba ya tsoron Allah amma ga rumbunsa a cike, a buɗe masa Zabura 73 ya ga Asaf ya riga shi faɗa.

Abu guda muka yi wa kanmu iyaka a kansa: ba ma yin alkawarin da Allah bai yi ba. Ba ma cewa baɗi rumbunka zai cika, ko kafin shekara ta zagayo za ki goya. In damina ta sake ƙi, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko zurfi, kuma a wannan karon har da maganar Allah zai zarga. Abin da muke da tabbacinsa muke faɗa. Yesu da kansa a Getsamani ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake, suka yi barci. A kan gicciye ya yi kukan Zabura 22. Saboda haka wanda muke kira ya san wurin da ɗan'uwanmu yake zaune, ya kuma fito daga kabari a rana ta uku. Bulus ya rubuta a 2 Korantiyawa 1:8-9 cewa a Asiya sun fid da zuciya ga rayuwa, a sura ta 7 kuma ya ce Allah mai ta'azantar da ƙasƙantattu ya ta'azantar da su da zuwan Titus. Mukan nuna wa ɗan'uwa wannan, ya gane cewa sallamar da yake ji a ƙofarsa duk mako tana cikin amsar addu'ar da yake cewa ba a ji ba.

Inda akwai zunubi na gaske, shi da kansa zai kawo maganar in ya amince da mu. A saurara har ƙarshe, a karanta 1 Yahaya 1:9, a gaya masa a fili cewa an gafarta masa cikin sunan Yesu, a kuma taimake shi ya gyara abin da yake gyaruwa. Yahaya 21 tana aiki ƙwarai a nan, yadda Ubangiji ya gasa kifi ya ciyar da Bitrus kafin ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa. Wanda yake ƙarƙashin horo kuwa, dole horon ya kasance da ranar ƙarewa da kuma mai ziyara, in ba haka ba baƙin ciki ya haɗiye shi kamar yadda 2 Korantiyawa 2:7 ta yi gargaɗi. A gidajen da dangi suke kan al'adar kakanni, za a matsa masa cewa barin tsafin gida ne ya jawo masa, wani ya koma wurin boka a ɓoye, wani ya koma gidan burukutu. In muka ga laya ko muka ji wari ba ma tayar da murya. A tambaye shi me aka ce masa, me yake tsoro, a amsa tsoron da Kalma, a bar shi ya cire layar da hannunsa. Wadda aka fizge da ƙarfi, wata ake nemowa.

Komawa cikin jama'a ba da babbar sujadar Lahadi ake farawa ba. Addu'ar asuba, inda mutane ba su da yawa, ta fi sauƙi. In ba zai iya fita ba tukuna, fasto ya kai masa jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, gida tare da mutum biyu. Ranar da zai koma Lahadi wani ya biya masa su taho tare, su zauna a tsakiya. A gargaɗi mai sanarwa tun da wuri kada ya ce a tafa wa ɗan'uwan da ya dawo, kada kuma a tsayar da shi ya ba da shaida kafin wata uku, sai in shi ya nema. A ba shi ƙaramin aiki da za a ji rashinsa in bai zo ba: buga ƙarfen sujada, riƙe mabuɗin rumbu, shirya bencina, ko ta riƙe asusun adashin zumunta. A kuma haɗa shi da mutum guda tsaransa, su riƙa ganawa sau ɗaya a mako har wata shida, ko a gona ko a hanyar kasuwa.

Koma-baya yana zuwa, an kuma san lokutansa. Na farko wajen mako na biyar ko na shida, daidai lokacin da masu ziyara suka ga sauƙi suka sassauta. Sai ranar da rasuwa ta cika shekara, da saukar ruwan farko ga wanda ya yi asara bara, da makon Kirsimeti in yara ba su da sabon ɗinki, da ranar alkawarin bashi. Mukan rubuta waɗannan ranaku a bayan littafin bashin nan, a je kafin su iso. Masu ziyara su ma suna gajiya, don haka ba ma ɗora wa mutum fiye da gida biyu, kuma duk wata sukan zauna da fasto su sauke abin da suka kwaso, ba tare da an baza sirrin kowa ba.

Wanda aka fi mantawa shi ne fasto ko mai bishara da kansa, musamman a ƙauyen da masu sujada ba su kai talatin ba, matasa suna ta tafiya birni, ɗan abin da ake ba shi yana makara. Ba shi da wanda zai gaya wa, don kowa shi yake kawo wa nasa. Alamarsa ita ce wa'azi ya koma faɗa, ko ya daina zagaya gidaje, ko matarsa ta yi shiru a zumunta. Hanyar ɗaya ce: a yi masa gayya, a auna masa hatsi kamar kowa, wani dattijo ya karɓi bagadi Lahadi ɗaya a wata, a biya masa kuɗin mota ya je taron 'yan'uwansa ma'aikata, a kuma nemi wani fasto babba daga wata ikilisiya ya zama mai ziyararsa, don da wuya ya buɗe cikinsa ga waɗanda yake kiwo.

Muna rage zuwa in muka ga mutum yana ci yana barci, yana fita gona ba a kira shi ba, ya fara yi wa wani addu'a da suna, ya kuma yarda ya raka mu gaishe da wani gidan. A lokacin ake yage shafukan bashinsa daga littafin a miƙa masa, ziyara ta koma sau ɗaya a wata. Akwai kuma waɗanda aka yi duk wannan ba su dawo sujada ba. Irin waɗannan ba a cire sunansu daga masu karɓar hatsi in gidan yana da yunwa, ana kiransu gayya ana kuma zuwa tasu, ana halartar sunansu da jana'izarsu, mutum guda kuma yana ci gaba da leƙa su duk wata.